BABI NA UKU: MASU ZUWA ƘANANAN ASIBITOCIN GWAMNATI DA NA KUƊI A UNGUWAR MINANATA, SAKKWATO

3.0 Shimfiɗa

Hausawa na cewa lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Wannan ne ya sa duk wanda ya rasa ta ba ya samun sukuni sai ya nemo ta, ko ta halin ƙaƙa. A wannan babi za a yi ƙoƙarin bayyana irin mutanen da ke neman magani a ƙananan asibitocin gwamnati, da kuma waɗanda ke nufar na masu zaman kansu, wato waɗanda jama'a ke kira asibitocin kuɗi. An ɗauki unguwar Minanata ta cikin birnin Sakkwato a matsayin misali. Abin da aka saba ji a bakin mutane shi ne, asibitin gwamnati na talaka ne, na kuɗi kuwa na mai hali. Babin zai nuna cewa wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta game ba, domin sau da yawa gida ɗaya yakan yi hulɗa da ɓangarorin biyu. Abubuwan da ke raba hanya su ne irin lalurar da ta taso, da wanda ta sama, da lokacin da ta zo, da kuma abin da ke aljihun maigida a wannan rana.

3.1 Ma'ana da Asalin Kiwon Lafiya a Matakin Farko

Kiwon lafiya a matakin farko shi ne kulawar da mutum ke fara samu a kusa da gidansa kafin a kai ga babban asibiti. Ya ƙunshi allurar rigakafi, da awon ciki, da karɓar haihuwar da ba ta zo da matsala ba, da maganin cututtukan yau da kullum kamar zazzaɓin cizon sauro da gudawa da tari, da kuma wayar da kai a kan abinci da tsafta.

Wannan tsari ya samu karɓuwa a duniya bayan taron da Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya suka shirya a birnin Alma-Ata na tsohuwar Tarayyar Sobiyat a watan Satumba na 1978, inda aka ƙudurta samar da lafiya ga kowa kafin shekarar 2000. A Nijeriya kuwa, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe muƙamin ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ne ya dage a kan aiwatar da shi. An fara gwaji da ƙananan hukumomi 52 a 1986, aka fito da manufar lafiya ta ƙasa a 1988, sannan aka kafa Hukumar Bunƙasa Kiwon Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa a 1992. A ƙarƙashin wannan tsari an raba aiki gida uku: asibitocin koyarwa na gwamnatin tarayya, manyan asibitoci na jihohi, ƙananan kuwa aka ɗora su a kan ƙananan hukumomi.

Sai dai kuma wannan yunƙuri ya zo daidai da lokacin tsuke bakin aljihu, bayan shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida a 1986. Darajar naira ta faɗi, magunguna suka yi tsada, kantocin asibitocin gwamnati suka bushe. A 1987 ministocin lafiya na ƙasashen Afirka suka amince a birnin Bamako da tsarin sayar wa majinyaci magani a farashi mai sauƙi domin a riƙa juya kuɗin ana sayo wani. Tun daga wannan zamani kalmar "babu" ta zauna a bakin ma'aikatan asibiti, kuma a cikin wannan giɓi ne asibitocin kuɗi da shagunan kemis suka yawaita a biranen Arewa.

3.2 Wuraren Neman Magani da ke Gaban Mazaunin Minanata

Mutumin da ke zaune a Minanata, kamar takwarorinsa na Mabera da Gagi da Tudun Wada, yana da zaɓi fiye da na mutumin ƙauye. Ana iya kasa wuraren da yake zuwa kamar haka:

(i) Ƙananan asibitocin gwamnati, waɗanda ake kira ɗakin shan magani ko asibitin sha-ka-tafi. Yawancin masu aiki a cikinsu jami'an kiwon lafiyar al'umma ne, irin waɗanda makarantar koyon aikin lafiya ta Gwadabawa ke yayewa, sai nas-nas da ungozomomi 'yan kaɗan. Da wuya a tarar da likita a irin wannan wuri.

(ii) Manyan asibitocin gwamnati da ke cikin birnin, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Asibitin Ƙwararru, da Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha. A ƙa'ida sai an turo mutum daga ƙasa yake zuwa nan, amma a aikace mutane da yawa kai tsaye suke zuwa ko da da ɗan zazzaɓi ne.

(iii) Asibitocin kuɗi, tun daga mai ɗakin tiyata da likitoci har zuwa ɗan ƙaramin da nas ko ungozoma ta buɗe.

(iv) Shagunan kemis, waɗanda hukumar kula da harkar haɗa magunguna ta ƙasa ke ba lasisin sayar da magungunan da ba su buƙatar takardar likita.

(v) Masu maganin gargajiya da na Musulunci: wanzamai, da maɗora, da 'yan magori, da malaman rubutu da tofi, da shagunan sayar da zuma da habbatus-sauda.

Duk bayanin da ya ware shagunan kemis daga cikin ɓangaren masu zaman kansu zai ba da gurguwar fahimta, domin a nan ne mafi yawan talakawa ke haɗuwa da maganin kuɗi. Rukuni na biyar kuwa, Wall (1988) ya nuna a nazarinsa na maganin Hausawa cewa Bahaushe ba ya ganin wani saɓani idan ya haɗa hanyoyin magani daban-daban a kan cuta ɗaya. Wannan ɗabi'a ita ce kuma yake bi a tsakanin asibitin gwamnati da na kuɗi.

3.3 Masu Zuwa Ƙananan Asibitocin Gwamnati

3.3.1 Mata Masu Juna Biyu da Masu Goyo

Duk wanda ya leƙa ƙaramin asibitin gwamnati da hantsi zai ga cewa mafi yawan waɗanda ke zaune a kan benci mata ne da yara. Dalili kuwa shi ne, ayyukan rigakafi kusan duk a hannun gwamnati suke. Allurar tarin fuka, da ɗigon shan-inna, da allurar ƙyanda da ta shawara, kyauta ake yin su, kuma gwamnati ce ke da firjin ajiye su da tsarin rarraba su. Haka kuma gidan sauro da maganin kare mai ciki daga zazzaɓi ta nan suke bi. Mai asibitin kuɗi ba ya samun wata riba a irin waɗannan ayyuka, don haka bai cika damuwa da su ba. Saboda haka a ranar rigakafi akan ga matar ma'aikaci da matar ɗan dako a layi ɗaya. Har wa yau, ranar awo takan zama wata dama ga matar kulle ta fita, ta gana da 'yan uwanta mata, kuma miji bai cika hana zuwa wurin da ya san mata ne ke duba matarsa ba.

Duk da haka bai kamata a ɗauka cewa dukkan mata na zuwa ba. Binciken Yawan Jama'a da Lafiya na Nijeriya na 2018 ya nuna cewa kashi 5 cikin 100 ne kacal na yara 'yan wata 12 zuwa 23 suka kammala alluran rigakafi na asali a Jihar Sakkwato, wanda shi ne mafi ƙanƙanta a ƙasar, alhali a Jihar Anambra an samu kashi 76. Haihuwa a asibiti kuwa ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba a jihar, a lokacin da ta ƙasa baki ɗaya take kashi 39. Waɗannan alƙaluma na jihar ce gaba ɗaya, birni da ƙauye, amma suna tunatar da mai nazari cewa akwai rukuni babba wanda ba ya zuwa ko ɗaya daga cikin ɓangarorin biyu. Mace takan je awo ta karɓi kati don gudun kada a kore ta ranar da matsala ta taso, amma idan naƙuda ta zo lafiya sai ta haihu a ɗakinta a hannun ungozomar gargajiya.

3.3.2 Masu Ƙaramin Ƙarfi da Baƙi

Rukuni na biyu su ne waɗanda ke da lokaci amma ba su da kuɗi: zawarawa, da tsofaffi, da almajirai, da iyalan da rashin tsaro ya raba da garuruwansu a gabashin jihar, kamar yankunan Sabon Birni da Isa da Rabah, suka shigo birni suka raɓe a gidajen dangi ko a kangaye. Ga irin waɗannan, kuɗin kati da na gwajin jini a asibitin gwamnati ya fi sauƙi, kuma akan dace da maganin da wani shiri na tallafi ya kawo. Girman wannan rukuni ba abin rainawa ba ne, idan aka lura da cewa rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 a kan talauci mai fuskoki da yawa ya sanya Jihar Sakkwato a kan gaba da kashi 91 cikin 100.

3.4 Masu Zuwa Ɓangaren Kuɗi

3.4.1 Masu Hali da Masu Inshora

Manyan 'yan kasuwa, da manyan ma'aikata, da ma'aikatan bankuna da na ƙungiyoyin agaji su ne ke cika asibitocin kuɗi masu likitoci. Abin da suke saye shi ne lokaci da mutunci da sirri: ba bin layi, likita zai saurare su a natse, kuma maƙwabci ba zai san abin da ya kawo su ba. Wasu daga cikinsu inshora ce ke biya musu. An kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa da doka a 1999, ya fara aiki a 2005, amma ya fi amfanar ma'aikatan gwamnatin tarayya. Binciken 2018 da aka ambata ya nuna cewa kimanin kashi 3 cikin 100 ne kawai na maza da mata 'yan shekara 15 zuwa 49 ke da inshorar lafiya a Nijeriya. Daga baya jihohi suka kafa nasu hukumomi, ciki har da Sakkwato, sannan dokar 2022 ta wajabta inshorar a kan kowa. Duk da haka mai sayar da rake ko mai gyaran takalmi ba ya cikin takardar albashin kowa, don haka shigar da shi na da wuya.

3.4.2 Masu Neman na Yau

Wannan shi ne rukunin da ya fi rushe maganar nan ta cewa asibitin kuɗi na mai hali ne. A ɗauki misalin ɗan kabu-kabu, ko birkila, ko mai tura baro a kasuwa, wanda sai ya fita ake ɗora tukunya a gidansa. Idan zazzaɓi ya kama shi, zuwa asibitin gwamnati na nufin asarar rabin yini a layi, kuma a ƙarshe a rubuta masa magani a ce ya je waje ya saya. Sai ya ga gara ya tafi wajen tun farko. Da dare bayan ya tashi aiki sai ya tsaya a kemis, ya faɗi abin da ke damun sa, a haɗa masa na kuɗin da ke hannunsa.

Mai kemis yana da abubuwa huɗu da suka fi jan hankalin talaka. Yana kusa, yana buɗe har bayan sallar isha'i da ranakun hutu, yana ɓalle magani ya sayar da ƙwaya biyu ko uku, kuma yana ba da bashi domin ɗan unguwa ne da ake haɗuwa da shi a masallaci. Wannan ya sa binciken 2018 ya samu cewa kemis ne wurin da aka fi kai yara masu zazzaɓi a faɗin Nijeriya. Akwai kuma dalili na al'ada: magidanci yana iya zuwa ya sayo wa matarsa ko ɗansa magani ba tare da an ga majinyacin ba, abin da asibiti ba zai yarda da shi ba.

3.4.3 Masu Lalurar Gaggawa da ta Sirri

Ƙananan asibitocin gwamnati da yawa sukan rage aiki ko su rufe da yamma saboda ƙarancin ma'aikata da wutar lantarki. Idan yaro ya fara suma da tsakar dare, ko jini ya ɓalle wa mai ciki, iyali ba su tsayawa lissafi. Za a ci bashi, ko a sayar da akuya ko kayan ɗaki, a nufi duk inda aka ga fitila a kunne. Haka lamarin yake a lokacin da ma'aikatan lafiya na gwamnati suka shiga yajin aiki. Masu ciwon sanyi, da masu matsalar rashin haihuwa, da samari da 'yan mata su ma sukan gwammace wurin da ba za su haɗu da idon sani ba.

3.5 Dalilan da ke Sa a Zaɓi Ɗaya a Bar Ɗaya

Andersen (1968) ya kasa abubuwan da ke sa mutum ya nemi asibiti gida uku: halin da yake ciki tun farko, kamar shekaru da jinsi da ilimi da aƙida, abin da zai ba shi iko, kamar kuɗi da kusanci, sai kuma tsananin buƙata. Idan aka ɗora wannan rabo a kan Minanata za a ga abubuwa kamar haka.

Ta fuskar nisa, Stock (1983) ya gano a yankin Haɗejiya cewa zuwa asibiti na raguwa sosai gwargwadon nisan ƙauye da shi. A birni kuwa nisa ba shi ne babban shinge ba, tun da kabu-kabu ko Keke Napep na iya kai mutum cikin 'yan mintoci. Abin da ya maye gurbinsa shi ne lokacin jira da lokacin buɗewa.

Ta fuskar kuɗi, ya kamata a bambanta tsakanin tsadar magani da samun kuɗin a hannu. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyata yake fitowa. Ke nan babu ɓangaren da yake kyauta a zahiri. Tambayar da maigida ke yi wa kansa ita ce, ina ne za a karɓi abin da ke hannuna yanzu? Janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya sun tsananta wannan hali, domin mafi yawan magunguna da sinadaran haɗa su daga waje ake shigo da su. Sakamakon haka wasu masu matsakaicin hali suka sauka daga asibitin kuɗi zuwa na gwamnati, wasu talakawa kuma suka sauka daga na gwamnati zuwa kemis ko saƙe-saƙi.

Ta fuskar al'ada, izinin miji da jinsin ma'aikaci na da tasiri ga mata, haka kuma irin tarbar da aka yi wa mutum. Tsawa ɗaya da aka daka wa mace a ɗakin awo takan zaga gidajen suna da na biki, ta hana wasu goma zuwa. Akwai kuma imanin da ya zauna a zukatan jama'a cewa allura da ƙarin ruwa sun fi ƙwaya ƙarfi. Ma'aikacin gwamnati da ke bin ƙa'ida yana iya hana su, amma mai neman ciniki bai cika ƙi ba.

3.6 Abin da Wannan Rarrabuwa ke Haifarwa

Illa ta farko ita ce, wanda ya fi kowa rashin ƙarfi shi ne ke biyan kuɗi a wurin da aka fi ƙarancin ƙwarewa. Doka ba ta ba mai kemis izinin yin allura ko sa ruwa ko sayar da magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba tare da takardar likita ba, amma ana yi. Nijeriya ta bar amfani da kulorokwin ta koma haɗin maganin atimisinin a 2005 saboda ƙwayar cutar zazzaɓi ta daina jin na farkon, kuma shan rabin magani na daga cikin hanyoyin da ke kawo irin wannan bijirewa. Bugu da ƙari, ba kowane zafin jiki ne zazzaɓin cizon sauro ba. Yaron da ke da ciwon haƙarƙari ko sanƙarau, aka yi kwana uku ana ba shi maganin zazzaɓi, yakan isa babban asibiti a lokacin da aikin gama ya riga ya gama.

Illa ta biyu ita ce yankewar tarihin majinyaci. Mai hawan jini ko ciwon suga da ke yawo tsakanin wurare uku ba shi da kati ɗaya da ke ɗauke da labarinsa, kuma yakan daina shan magani da zarar ya ji sauƙi ko kuɗi sun ƙare.

Illa ta uku kuwa, idan masu ilimi da masu faɗa a ji suka ƙaurace wa ƙaramin asibitin unguwa, babu sauran mai ɗaga murya idan rufinsa ya yoyo ko magani ya ƙare. Su kuma manyan asibitoci sai su cika da masu ƙananan lalurori.

Hukuma ta yi wasu yunƙuri na gyara. A 2009 aka fara shirin tura ungozomomi ƙananan asibitoci, a 2011 aka amince da tattara harkokin matakin farko a ƙarƙashin hukuma ɗaya a kowace jiha, sannan Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga asusun kula da lafiya na asali, da nufin a samu asibiti ɗaya mai aiki sosai a kowace mazaɓa. Akwai kuma darasi a shirin ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓi a kowane wata na damina, wanda aka fara a Sakkwato a 2015. Gida-gida ake bi, kyauta ake bayarwa, kuma 'yan unguwa ne ke rabawa, wato ya haɗa kusancin da ake nema a kemis da ingancin da ake nema a asibiti.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an bayyana ma'anar kiwon lafiya a matakin farko da tarihinsa, an kuma kawo wuraren da mazaunin Minanata ke neman magani. An ga cewa ƙananan asibitocin gwamnati sun fi karɓar mata da yara da marasa ƙarfi, musamman a ayyukan rigakafi da awo, alhali ɓangaren kuɗi ya rabu biyu: asibitoci masu likitoci ga masu hali da masu inshora, kemis kuma ga masu neman na yau. An kuma nuna cewa gida ɗaya na iya kai jariri rigakafi a asibitin gwamnati da safe, ya sayo maganin zazzaɓi a kemis da dare, ya kuma ruga asibitin kuɗi ranar da ta ɓaci. Saboda haka duk wani gyara da za a yi dole ne ya duba lokacin buɗe asibiti, da samuwar magani a cikinsa, da yawan ma'aikata mata, da kuma horar da masu kemis da sa musu ido. Babi na gaba zai duba kalmomi da salon maganar da ake amfani da su tsakanin majinyata da ma'aikata a waɗannan wurare.